Kwanon da Yake Dawowa Wayam

Zoben ne ya fara tona asiri. Ranar Babbar Sallah ta 2024, bayan an sauko daga Idi, na shiga ɗakin Iya in gaishe ta. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, tana zaune a gidan Baffa a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, ba nisa da titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura. Na durƙusa, ta miƙo hannu za ta dafa kaina kamar yadda ta saba, sai na ga an nannaɗe zoben azurfarta da baƙin zare. Tun ina yaro na san zoben nan, kuma na san ko da sabulu ba ya fita daga yatsanta.

Na ce, "Iya, wa ya yi wa zoben nan rawani?"

Ta ce, "Kai dai mai gida ba ka rabo da sa ido. Buɗewa ya yi."

Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. Azurfa ba ta buɗewa da kanta. Yatsan ne ya ragu. Da na ƙara dubawa sai na ga gefen goshinta ya lotsa, ƙashin wuyanta ya fito, zanin da ta ɗaura kuwa har ya kusa zagaye ta sau biyu.

A Abuja nake aiki. Duk Juma'a ina kiran wayar Baffa a miƙa mata, kuma tambayata ba ta canzawa: "Iya, kin ci abinci?" Amsarta ma ba ta canzawa: "Na ci, alhamdulillahi." Duk ƙarshen wata ina tura kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suke tashi, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk tsorona a kan tsadar ya tsaya, don haka na ƙara abin da nake turawa, na ɗauka na sauke nauyi. Gidan kuwa bai rasa abinci ba. Akwai sauran dawa da gero a rumbu, ana ɗora tukunya safe da rana da dare.

Da yamma na tambayi matar Baffa, wadda muke kira Umma, yadda Iya take cin abinci. Ta ce, "Wallahi tana ci. Kullum kwanonta wayam yake dawowa." Umma ba ta yi ƙarya ba. Na ɗaga komawata aiki da mako guda, na zauna ina kallo.

Da dare aka kai mata tuwon dawa malmala biyu da miyar kuka. Ta buɗe, ta yi bisimilla, ta yi loma huɗu. Daga nan ta ɗaga murya ta kira ƙananan jikokinta, suka zo suka kewaye kwanon, kafin ka ce kwabo sun suɗe shi tas. Da safe kokon ma rabi ta sha, ƙosan ta ƙulle a gefen zani ta ajiye wa autan Umma. Abincin rana ko buɗewa ba ta yi ba, ta tura wa almajiri. Abin da na ga tana yi wa marmari kawai shi ne goro, tana gurza shi a magogi saboda haƙoran tauna sun ƙare. Naman Sallah da aka cika mata langa da shi, ko tsoka ɗaya ba ta iya taunawa ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma kuskuren da ya fi ba mu wahala a wurin aiki shi ne wanda ba ya kuka. Manhaja za ta riƙa nuna maka komai lafiya, saboda an koya mata ta duba ko saƙo ya fita, ba a koya mata ta duba ko ya isa ba. Haka muka yi da Iya. Ni ina duba ko kuɗi sun fita, Umma tana duba ko kwano ya dawo, babu mai duba abin da ya shiga cikinta.

Ba sakaci ne ya jawo haka ba, ladabi ne. Baffa ɗan fari ne. Iya ba ta faɗin sunansa, shi ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta ya wuce. Umma suruka ce, za ta ajiye kwano ta fita da sauri, don ba ya yiwuwa ta tsaya a kan uwar mijinta tana ƙirga mata loma. Ita kuma Iya, cewa "ban ci ba" a wurinta butulci ne ga Allah, kuma zargi ne ga matar ɗanta. Mutum ɗaya ce ta san yadda take ci, wato abokiyar zamanta, Hajiya Ƙarama. Tun rasuwar kakanmu kwano ɗaya suke ci, suna ci suna faɗa a kan wa ta fi jan miya. Allah ya yi wa Hajiya Ƙarama rasuwa a goman ƙarshe na azumin wannan shekarar. Mun zo ta'aziyya, gida ya cika, abinci ya yi yawa, muka watse. Babu wanda ya tuna cewa daga ranar Iya ita kaɗai za ta riƙa sa hannu a kwano.

A daren nan na kwanta a zaure da wayata ina karatu. Na tarar likitocin tsofaffi sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun 1988 wani likita a Amurka, John Morley, da abokin aikinsa suka yi rubutu a kan yadda sha'awar abinci take raguwa da tsufa. Hanci da harshe suna dusashewa, sai abinci ya koma salam. Ciki yana jinkirin sauke abin da aka ci, sai mutum ya ƙoshi da wuri, ya kuma daɗe bai ji yunwa ba. Ƙishirwa ma tana raguwa. A kan wannan sai a ɗora rashin haƙora, da taurin bayan gida, da wasu magunguna, da baƙin ciki, da kaɗaici. Abin tsoron shi ne, idan tsoho ya rame ba kitse kaɗai yake rasawa ba, har da tsoka. Tsoka kuwa ita ce take tashin mutum daga tabarma, ita ce take riƙe shi kada ya faɗi a bakin rijiya ko a makewayi, ita ce jarin da jiki yake ci idan zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na kuma ga cewa an tsara 'yan gajerun tambayoyi don gano wanda yake cikin haɗari. Akwai wanda ake kira SNAQ, wanda masana a Jami'ar Saint Louis ta Amurka suka fitar a 2005. Tambayoyi huɗu ne kacal: yaya sha'awar abincinka take, bayan ka ci kamar yaya kake jin ka ƙoshi, yaya ɗanɗanon abinci yake a bakinka, sau nawa kake ci a rana. Kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 5, jimla 20. Wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka, akwai fargabar zai rasa aƙalla kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a cikin wata shida.

Washegari na shiga ɗakinta da tambayoyina, ina jin kaina kamar likita.

"Iya, yaya sha'awar abinci?"

"Alhamdulillahi."

"Abincin yana miki daɗi?"

"Abincin da aka dafa aka kawo maka har ɗaki, ka ce ba daɗi? Kai ka taɓa noma dawa?"

"Sau nawa kike ci a rana?"

"Sau nawa ake dafawa a gidan?"

Da na bi bakinta na ba ta maki, da ta ci jarrabawar da kyau. An tsara tambayoyin ne don mutanen da idan aka tambaye su lafiya suke faɗin abin da yake damunsu. Mu kuwa ko a gadon asibiti aka ce mana yaya jiki, "da sauƙi" muke cewa.

Sai na ajiye wayar na koma matsayina na jika. A gidan nan kaf, ni da ire-irena ne kaɗai al'ada ta yarje wa mu yi wa Iya rashin kunya. Ita take kirana mai gidanta, ni kuma in ce ta tsufa zan yi mata kishiya. Da aka kawo tuwon dare na wanke hannu na zauna a gabanta.

Na ce, "Yau da mijinki za ki ci. Duk yaron da ya leƙo sai na kore shi."

Ta ce, "Ka ga mugun miji, zai raba ni da jikokina."

Loma ta farko da na kai baki na gane rabin matsalar. Miyar ba gishiri ko kaɗan, ba daddawa, ba komai, ruwan kuka ne kawai. Ashe tun da aka ce tana da hawan jini aka kuma ce a rage mata gishiri, Umma take ɗibar mata miya daban kafin a sa kayan ɗanɗano, saboda tsoron kada a ce ita ta jawo mata ciwo. Fiye da shekara guda ke nan Iya tana cin wannan miya, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Na ce, "Iya, wannan miyar ai ko akuya sai an roƙe ta."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta rage murya ta ce, "Kada ka faɗa wa yarinyar nan, tana ƙoƙari." Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce loma uku in ta yi sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Ta ce akwai haƙori ɗaya da yake girgiza, in tuwo ya taɓa shi har cikin kunne take ji. Ta yi shiru, ta dubi inda Hajiya Ƙarama take zama, ta ce, "Kuma abinci ba ya shiga in babu mai yi maka gardama."

Da na koma zaure na sake cike tambayoyin da abin da na gani da abin da na ji. Maki 9 ta samu.

Akwai wani ma'aunin da ya fi wannan faɗi, ana kiransa MNA. An fitar da shi a 1994, aka taƙaita shi zuwa tambayoyi shida a 2001. Yana tambaya ko cin abinci ya ragu a wata ukun da suka wuce, ko nauyi ya ragu, ko mutum yana iya fita waje, ko wata cuta ko tashin hankali ta same shi a wata ukun, ko yana da ruɗewa ko matsananciyar damuwa, sai kuma awon jiki. Awon yana buƙatar sikeli da sanin tsayi, amma a 2009 aka yi gyara: inda babu sikeli ana iya auna kaurin sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, a inda ta fi kauri. Idan bai kai santimita 31 ba, alama ce tsoka ta zube. Jimlar makin 14 ne. Daga 12 zuwa sama lafiya, 8 zuwa 11 akwai haɗari, 7 zuwa ƙasa kuwa rashin abinci mai gina jiki ya riga ya kama mutum.

Babu sikeli a gidan, amma akwai tela a bakin masallaci. Na aro tef ɗinsa na awo, na ba ƙanwata 'yar Baffa, ta zaunar da Iya a kan kujera 'yar tsugunno ta auna. Santimita 28. Da na haɗa lissafi, maki 5 ya fito.

Umma tana tsaye tana kallonmu, sai ta ce, "Ashe manya ma ana auna su?" Ta san tef ɗin nan mai launin ja da rawaya da kore da ake ɗaura wa yara a dantse a asibitin sha-ka-tafi. Kusan kowace uwa a ƙauyen ta san idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, a garzaya asibiti. An yi shekaru ana wayar da kai a kan tamowar yara, kuma an kyauta. Amma idan tsohuwa ta rame, sai mu ce tsufa ne, mu wuce. Ni kaina ban taɓa jin an haɗa kalmar tamowa da mai furfura ba.

Ban ɗauki lambobin nan a matsayin hukunci ba. Iyakar santimita 31 daga binciken da aka yi a kan Turawa ta samo asali, Iya kuwa tun tana budurwa siririya ce, irin jikin Fulanin yankinmu. Wanda ƙafarsa ta kumbura kuma, tef zai nuna kauri alhali ruwa ne. Amfanin awon shi ne a maimaita shi duk wata a ga inda ya dosa. Amma maki 5, da zoben da aka yi wa rawani, da loma huɗu, duk waje ɗaya suka nuna. Kuma rama da ƙin abinci a jikin tsoho suna iya zama alamar tarin fuka, ko ciwon suga, ko ciwon daji, abubuwan da ba a gane su da tef ɗin tela.

Shawo kan Baffa ya fi shawo kan Iya wuya. Ya ce, "Matar da aka yi wa aure shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, kake so ta ci abinci kamar mai jego?" Shekarar 1956 yake nufi, wato Iya ta haura tamanin. Na ce masa, "Baffa, ba ƙiba nake nema mata ba. So nake ta ci gaba da tashi ta yi alwala da kanta." Ya yi shiru, ya ce a nemo mota.

A Babban Asibitin Ɗambatta aka ɗora ta a sikeli, kilo 41. Aka duba suga da ƙoda da yawan jini, aka karɓi majina don gwajin tarin fuka. Alhamdulillahi babu tarin, babu suga, sai ƙarancin jini. Likitan ya yi wa Umma bayani a hankali cewa ragewa aka ce, ba hanawa ba. A sa gishiri ɗan kaɗan, a rage dunƙulen ɗanɗano tunda shi ma gishiri ne ya cika shi, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa don miya ta yi ƙamshi. Ya ce tsoho yana buƙatar abinci mai gina tsoka fiye da yadda mutane suke zato, kamar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, in dai ƙodarsa lafiya. Ga Iya wajen giram 45 ke nan, ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6 ne a cikinsa. Bayan kwana biyu aka cire haƙorin da yake girgiza.

Abin da muka canza a gida bai kai kuɗin da nake turawa ba. Aka daina kai mata malmala biyu da ke karya mata zuciya tun kafin ta fara, aka koma ɗan kaɗan sau biyar a rana. Da safe kunun gyaɗa mai kauri, da hantsi dafaffen ƙwan zabi tunda damina ce yana araha, da rana faten wake ko alale ko awara mai laushi, da la'asar fura da kindirmo, da dare tuwo mai taushi da man shanu a miya. Ranar Lahadi in Baffa ya ci kasuwar Ɗambatta yakan taho da kifi, a cire ƙaya a marmasa mata, nama kuma a daka shi. Goro ba mu hana ta ba, don yaƙin da ba za mu ci ba ne, amma muka roƙe ta sai bayan ta ci abinci, saboda yana kashe yunwa. Azumin Litinin da Alhamis ma sai da liman ya sa baki ta ajiye na Litinin. Na Alhamis har yau tana yi.

Mafi girman canjin bai shafi tukunya ba. Akwai wata tsohuwa maƙwabciya, ita ma mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Umma ta je ta roƙe ta ta riƙa shigowa cin abincin rana da na dare. Yaran kuma aka kafa musu doka, sai sun ci nasu sun ƙoshi kafin su shiga ɗakin Iya. A ranar farko na ji tsofaffin biyu suna musu a kan wace ce ta fi iya kaɗa miyar kuɓewa a zamaninsu. Kwanon ya dawo da saura, karo na farko a wata da watanni, kuma wannan sauran ya fi faranta min rai a kan duk wayam ɗin baya, domin na san abin da ya ragu cikin masu shi ya shiga.

Da na koma Abuja na fara tunanin rubuta manhajar waya da za ta riƙa yi wa mutane waɗannan tambayoyi da Hausa. Na yi kwana biyu a kai na bari. Waya za ta yi tambaya, Iya za ta ce alhamdulillahi, mu koma gidan jiya. Na sayi littafin rubutu na 'yan firamare na aika wa ƙanwata. Duk farkon wata tana aron tef ɗin tela ta auna ƙafar Iya ta rubuta, ta kuma rubuta ko Iya ta fita tsakar gida da kanta, ko ta yi rashin lafiya, da abin da ta ƙi ci. Bayan wata huɗu awon ya kai santimita 29. Bai ƙara ba daga nan, kuma likita ya ce kada mu sa rai da yawa, tsokar da ta zube a wannan shekaru ba ta cika dawowa duka ba. Zaren yana nan a jikin zoben. Amma Iya tana tashi ba tare da an kama ta ba, kuma da kaka ta fito ta zauna a inuwa tana ɓarar gyaɗa tana yi wa masu sussuka gyara.

Wani lokaci ina tuna Juma'o'in da na yi ina tambayarta ko ta ci abinci, ina jin daɗin amsar, ina kashe waya. Da ban zo Sallar nan ba, ko da na zo ban kalli hannunta ba, wataƙila da labarin faɗuwa za a kira ni, mu ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma miya ba gishiri tamu ce.

Yanzu in na kira, ba na tambayar ko ta ci. Cewa nake, "Iya, yau da wa kika ci? Me aka dafa? Wa ya fi jan miya?" Juma'ar da ta wuce ta ce maƙwabciyar ta yi tafiya biki Kazaure kwana uku. Na ce to wa ya zauna da ke? Ta ce, "Ba kowa, mai gida. Amma na ci, alhamdulillahi."

Muna gama magana na kira ƙanwata.